Me Ya Sa Baƙaƙen Fatar Amurka Ba Sa Barin Sunayen Matattunsu Su Huta?

Dare ya raba, an shiga 4 ga Fabrairun 1999, Amadou Diallo na tsaye a bakin zauren gidan da yake haya a layin Wheeler, unguwar Bronx ta birnin New York. Bafulatani ne ɗan ƙasar Gini, Musulmi, shekarunsa 23, sana'arsa kasa kaya a bakin titi: safa, safar hannu, kaset-kaset na bidiyo. Irin yaran nan ne da kowannenmu ya san ɗaya ko biyu, waɗanda suka tsallaka neman na kansu, suna tara taro da sisi da burin komawa makaranta. Sai ga mota ta tsaya, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka diro, suna neman wani da ake zargi da yi wa mata fyaɗe. Amadou ya ja da baya cikin zauren, ya sa hannu a aljihu, ya zaro walat ɗinsa. Ɗaya daga cikinsu ya kwarma ihu cewa bindiga ce. Harsashi 41 suka sakar masa, 19 suka same shi. Da ƙura ta lafa aka duba, ko allura babu a jikinsa.

Shari'ar ma ba a bari an yi ta a Bronx ba, aka ɗauke ta zuwa Albany, kuma a Fabrairun 2000 aka wanke su su huɗun tas. An kai gawar Amadou Futa Jalon aka binne. Mahaifiyarsa, Kadiatou Diallo, ba ta koma ɗaki ta ja ƙofa ba. Ta kafa gidauniya da sunansa mai ɗaukar nauyin karatun ɗalibai, ta shiga sahun iyayen da aka kashe wa 'ya'ya, har aka raɗa wa wannan yanki na layin Wheeler sunan ɗanta. Yau fiye da shekara 25 ke nan, idan aka tashi jero sunaye a zanga-zangar New York, nasa na ciki.

A wajenmu mutuwa tana da ladabinta. A yi wanka, a sa likkafani, a sallace shi, a kai shi makwancinsa ba tare da ɓata lokaci ba. A zauna karɓar gaisuwa kwana uku, wasu su yi sadakar bakwai da ta arba'in, a ce wa iyali sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Kabarinmu ma ba kasafai ake rubuta masa suna ba. Don haka Bahaushen da ya ga dandazon mutane a titi, wani na kiran sunan mamaci da lasifika suna amsawa, ga fuskarsa an zana a bango tun daga ƙasa har sama, yana iya ɗauka tone-tone ne kawai da ƙarancin tawakkali. Ni ma da farko haka abin ya ɗan yi min banbarakwai. Sai da na bi diddigin yadda hukuma ke fara ba da labarin irin waɗannan mace-mace, sannan na gane cewa makoki na ciki, amma ƙashin bayan lamarin shaida ce ake ƙoƙarin kafawa.

Ɗauki George Floyd, wanda kusan kowa ya ji sunansa. Ranar 25 ga Mayun 2020, wani kanti a mahaɗar titi na 38 da titin Chicago a birnin Minneapolis ya kira 'yan sanda, cewa an ba su takardar dala 20 ta jabu. Sanarwar farko da rundunar 'yan sandan birnin ta fitar ta ce wani mutum ya rasu bayan rashin lafiya ta taso masa yayin mu'amala da jami'ai. Ta ce ya yi gardama, an sa masa ankwa, an lura yana cikin halin rashin lafiya, an kira motar asibiti, kuma babu wanda ya yi amfani da makami. Kusan kowace jimla idan ka ware ta ita kaɗai za ka ce ba ƙarya a ciki. Abin da aka tsallake shi ne gwiwar ɗan sanda Derek Chauvin a kan wuyan mutumin har minti 9 da daƙiƙa 29, yana kife a kan kwalta, hannuwansa a baya, yana cewa ba ya iya numfashi fiye da sau 20, yana kiran mahaifiyarsa wadda ta rasu shekara biyu kafin nan. Wata yarinya 'yar shekara 17, Darnella Frazier, wadda ta rako wata ƙaramar 'yar'uwarta kantin, ita ta ɗaga wayarta ta ɗauka, ba ta sauke ba har aka ɗaga shi. Ba don ita ba, da waccan sanarwa ce za ta zama tarihin mutuwarsa.

Kuma ba a kansa farau ba. A Afrilun 2015, a North Charleston, ɗan sanda Michael Slager ya ce Walter Scott ya yi kokawar ƙwace masa na'urar nan mai jan mutum da lantarki, shi ya sa ya harbe shi. Bidiyon wani mai wucewa ya nuna Scott na gudu, ya ba shi baya, shi kuma ya tsaya ya saita ya harba sau takwas. A Chicago an dirka wa Laquan McDonald mai shekara 17 harsashi 16 a Oktoban 2014, aka ce ya yi kan jami'ai da wuƙa. Bidiyon motar 'yan sandan na hannun hukuma, amma sai da aka yi wata 13 alƙali ya tilasta fito da shi, aka ga yaron kaucewa yake yi. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Breonna Taylor, ma'aikaciyar asibiti 'yar shekara 26 a Louisville. Tsakar daren 13 ga Maris 2020 'yan sanda suka ɓalle ƙofar gidanta, saurayinta ya ɗauka ɓarayi ne ya yi harbi ɗaya, su kuma suka mayar da 32. A takardar rahoton da suka cike, gurbin da aka tanada don raunukan da ta samu, sai suka rubuta: babu.

Wannan salon rubutu ya tsufa a Amurka. Bayan an soke bauta a 1865, jihohin kudu suka shiga wani zamani na kashe baƙaƙe a bainar jama'a ba tare da shari'a ba. A tara gari, a rataye mutum a bishiya ko a gada, wani lokaci a ƙona shi, a ɗauki hoto, har a buga hoton a katin gaisuwa a aika wa dangi. Sau da yawa daga ɗakin tsare mutane na hukuma ake ɗauko shi, mai tsaron ya miƙa makulli ko ya kau da kai. Washegari masu binciken musabbabin mutuwa su zauna su rubuta cewa ya mutu a hannun mutanen da ba a san ko su wane ne ba, alhali fuskokinsu na nan a hoton, suna murmushi. Duk wanda ya saba jin "wasu 'yan bindiga da ba a san ko su wane ne ba" a labaranmu ya san irin aikin da wannan jimla ke yi.

Wadda ta fara tsayawa ta ce to bari mu rubuta namu ita ce Ida B. Wells, 'yar jarida a Memphis. A 1892 aka kashe abokinta Thomas Moss da abokan kasuwancinsa biyu, ainihin laifinsu shi ne kantinsu ya fara janye wa wani farar fata masu saye. Daga nan ta shiga tattara suna, gari, rana da dalilin da aka bayar, yawanci ma daga jaridun fararen fata, don kada a ce ƙirƙira ta yi. Lissafinta ya nuna cewa zargin fyaɗen da ake fakewa da shi bai ma taso ba a mafi yawan kashe-kashen. An farfasa mata ofishin jarida, dole ta bar garin. Daga baya ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP ta riƙa rataya baƙar tuta a tagar ofishinta na New York duk ranar da labarin irin wannan kisa ya iso, har zuwa 1938 da mai ginin ya ce ko su sauke ko su tashi.

Sai kuma Mamie Till. Ɗanta Emmett, mai shekara 14, ya bar Chicago zuwa hutu wajen dangi a jihar Mississippi a Agustan 1955. Aka zarge shi da yi wa wata farar fata rashin kunya a kanti. Cikin dare mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J.W. Milam suka ɗauke shi daga gidan kawunsa, bayan kwana uku aka tsamo gawarsa a kogin Tallahatchie, an ɗaura masa wani ƙaton ƙarfen injin gurzar auduga a wuya da waya mai ƙaya. Hukumar yankin ta so a binne shi nan take. Uwar ta ƙi. Ta sa aka kawo shi Chicago, ta kalli abin da ya rage na fuskarsa, ta ce a bar akwatin a buɗe, duniya ta ga abin da ta gani. Dubun-dubatar mutane suka yi layi suka wuce ta gabansa, mujallar Jet ta buga hoton. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu fararen fata maza, sun wanke mutanen biyu cikin abin da bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Bayan 'yan watanni su biyun suka sayar wa mujallar Look labarin yadda suka kashe shi, tunda doka ta hana a sake gurfanar da wanda aka wanke kan laifi ɗaya. A al'adarmu suturta gawa shi ne girmama ta. Ita wannan uwa ta lura cewa a inda take, suturar makasan za ta rufa wa asiri.

Wanda ke son ganin wannan tunani a tsaye, ya je Montgomery ta jihar Alabama. A Afrilun 2018 ƙungiyar lauya Bryan Stevenson ta buɗe wani dandalin tunawa a kan tudu, bayan ta tattara bayanan kisan baƙaƙe fiye da 4,400 tsakanin 1877 da 1950. Tun daga mashiga za ka ci karo da mutum-mutumin bayi cikin sarƙa, aikin Kwame Akoto-Bamfo ɗan ƙasar Ghana. A ciki akwai ginshiƙan ƙarfe fiye da 800, masu launin tsatsa, kowanne na wakiltar gunduma ɗaya, an sassaƙa sunayen waɗanda aka kashe a cikinta da ranakun. Da ka shiga, ginshiƙan na daidai da tsayinka, kana karanta sunaye ido da ido. Amma daɓen gangara yake yi a hankali, kana tafe suna ɗagawa, ba ka ankara ba sai ka ga suna reto a saman kanka, kana ɗaga wuya kamar yadda 'yan kallon wancan zamani suka ɗaga. A wurare da yawa inda suna ya kamata ya zauna, an rubuta cewa ba a san shi ba. A gidan tarihin da ke kusa kuma akwai jerin kwalabe cike da ƙasa, ja da baƙa da ruwan toka, an ɗebo kowace daga wurin da aka kashe wani, an liƙa sunansa. Majalisar dokokin ƙasar ta yi watsi da ƙudurori kusan 200 na hana wannan kisa. Sai a Maris 2022 aka sa hannu kan dokar, da sunan Emmett Till a kanta.

Abin mamaki, har a zamanin kwamfuta gwamnatin Amurka ba ta da cikakken lissafin mutanen da 'yan sandanta ke kashewa. Dalili kuwa, ba runduna ɗaya ba ce da sufeto janar a sama kamar yadda muka sani. Hukumomin 'yan sanda kusan 18,000 ne, na birni, na gunduma, na jiha, har na jami'o'i, kowacce da shugabanta da ƙa'idojinta, kuma aika alƙaluma zuwa tarayya ganin dama ne. Bayan wani ɗan sanda ya harbe matashi baƙar fata Michael Brown a garin Ferguson a 2014, jaridun Washington Post da Guardian suka fara ƙirga da kansu, gawa bayan gawa, har shugaban hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, na lokacin, James Comey, ya amsa cewa abin kunya ne a ce 'yan jarida sun fi gwamnati sani. Ƙirgar Washington Post ta nuna ana harbe kusan mutum 1,000 duk shekara. Wani bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2021 ya gano cewa fiye da rabin waɗanda suka mutu a hannun 'yan sanda daga 1980 zuwa 2018, ba haka aka rubuta a kundin mace-mace na ƙasa ba. Ka ga ashe aikin Ida Wells ne ake ci gaba da yi, da wasu kayan aikin.

A nan ne wani zai ce, to ai fararen fata ma ana kashe su. Gaskiya ne, in ma kai za a ƙirga sun fi yawa, kusan rabin adadin nasu ne. Sai dai baƙaƙe kashi 13 zuwa 14 ne cikin ɗari na al'ummar ƙasar, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ake harbewa daga cikinsu suke. Idan aka auna da yawan kowane ɓangare, haɗarin baƙi ya ninka na fari fiye da sau biyu. Masu kare 'yan sanda kan ce ai unguwannin baƙaƙe sun fi yawan laifi, dole a fi yawan arangama. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wa ke zaɓar inda za a kafa tarko? Binciken Ma'aikatar Shari'a a Ferguson a 2015 bai sami hujjar gurfanar da ɗan sandan da ya harbe Brown ba, wannan dole a faɗe shi. Amma rahotonta na biyu ya tona yadda garin ya mayar da 'yan sanda masu karɓar haraji. Baƙaƙe kashi 67 ne na mazauna, amma su ne kashi 85 na motocin da ake tarewa, kashi 93 na waɗanda ake kamawa. Wata mata da aka ci tarar dala 151 kan ajiye mota ba daidai ba, an kama ta sau biyu, ta kwana shida a tsare, ta biya dala 550, kuma bayan shekaru ana bin ta wasu 541. Philando Castile, mai kula da ɗakin cin abincin wata makarantar firamare a Minnesota, an tare shi a hanya fiye da sau 40 kan ƙananan laifukan tuƙi. A tarewar ƙarshe, Yulin 2016, shi da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa yana ɗauke da bindiga. Bindigar kuwa yana da lasisinta. Cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi, ga yarinya 'yar shekara huɗu a kujerar baya. Wanda ake tarewa sau 40, ai wata rana sai ya gamu da mai saurin hannu.

To me ya sa hukunci ke wuya? Katangu ne a jere. Ta farko hukuncin Kotun Ƙoli na 1989, a ƙarar wani mai ciwon suga, Dethorne Graham, wanda ya shiga kanti da sauri neman lemo, ya ga layi ya fito da sauri, 'yan sanda suka ɗauka sata ya yi suka ji masa rauni. Kotun ta ce ma'aunin shi ne abin da ɗan sanda mai hankali zai yi a wannan daƙiƙar, ba abin da aka gano bayan an natsu ba. A takarda maganar ta yi ma'ana. A kotu kuwa ta koma jimla ɗaya da kowane jami'i ya haddace: na ji tsoron zai kashe ni. Walat ce ko bindiga, tambayar ita ce me ya zata. Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12 da ke wasa da bindigar roba a wata rumfa a Cleveland a 2014, bai fi daƙiƙa biyu da tsayuwar motar 'yan sanda ba aka harbe shi, kuma ba a gurfanar da kowa ba. Katanga ta biyu ita ce mai gabatar da ƙara na yankin, wanda kullum da 'yan sandan yake aiki, su ne shaidunsa a sauran shari'o'i. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ta uku wata rigar kariya ce da kotuna suka ɗinka wa jami'ai: ba za ka ci nasarar neman diyya daga jami'i ba sai ka nuna an taɓa yanke hukunci a kan lamari kusan iri ɗaya da naka. Malamin jami'a Philip Stinson, wanda ya daɗe yana bibiyar irin waɗannan shari'o'i, ya nuna cewa waɗanda ake tuhuma da kisa ba su kai biyu cikin ɗari ba.

Abin da ya fi yawa shi ne sulhu da kuɗi. Iyalin Diallo dala miliyan 3, na Eric Garner wanda aka shaƙe a New York a 2014 kan zargin sayar da sigari kara-kara miliyan 5.9, na Breonna Taylor miliyan 12, na Floyd miliyan 27. Kuɗin daga baitulmalin birni suke fitowa, wato daga harajin jama'a, ciki har da maƙwabtan mamacin. A nan tsuntsun da ya ja ruwa ba shi ruwa ke duka ba. Shi ya sa ɗaurin shekara 22 da rabi da aka yi wa Chauvin a 2021 ya zama babban labari: ba a saba gani ba.

Akwai kuma masu cewa ai Floyd ba waliyyi ba ne. Haka ne. Ya taɓa zaman gidan yari kan fashi, kuma an sami ƙwaya a jininsa. Amma ko a shari'ar da muka sani, ɓarawo ma sai an kai shi gaban alƙali an kawo shaidu, kuma ba inda hukuncin jabun kuɗi ya zama kisa a bakin titi. Tono tsohon laifin mamaci da watsa hotonsa mafi muni dabara ce ta sa mutane su ce ai dama. Shi ya sa iyalai ke rige-rigen fito da hoton ɗansu cikin rigar kammala makaranta ko riƙe da jaririnsa. Wani abin da ke rikita masu kallo daga nesa shi ne na Tyre Nichols a Memphis, Janairun 2023: 'yan sanda biyar da suka lakaɗa masa dukan da ya yi ajalinsa duk baƙaƙe ne. Ni a ganina wannan bai rushe ƙorafin ba, ya dai nuna inda ciwon yake. Horo, da irin rundunonin ko-ta-kwana da ake saki a unguwannin talakawa, da sanin wanda za a taka a kwana lafiya, ba su damu da launin wanda ya sa kakin ba.

Taken Black Lives Matter, wato rayukan baƙaƙe ma suna da daraja, ya fito ne a 2013, bayan an wanke ɗan sintirin unguwar da ya harbe wani matashi baƙar fata, Trayvon Martin, a Florida. Mata uku suka assasa shi, ɗaya daga cikinsu, Opal Tometi, iyayenta 'yan Najeriya ne. Duk da haka sunayen maza aka fi riƙewa, har sai da malamar shari'a Kimberlé Crenshaw da abokan aikinta suka fito da kiran a ambaci sunanta ita ma, don irin su Sandra Bland, wadda aka tare kan rashin kunna sigina a Texas a 2015, bayan kwana uku aka tsinci gawarta a ɗakin tsarewa. A Yunin 2020 ƙasashen Afirka, Burkina Faso na gaba, suka sa Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi zaman gaggawa a Geneva kan batun. Abin a yaba ne, ko da yake wata huɗu kacal bayan nan matasan Najeriya suka fito da nasu jerin sunayen a zanga-zangar EndSARS, kuma an ga irin amsar da suka samu.

Ba zan ce komai na wannan fafutuka tsaf yake ba. Tunawa tana bin kyamara: wanda aka kashe a lungun da ba mai waya, sunansa ba ya hawa bango. Sannan inda jama'a suka taru, 'yan kasuwa ba sa nisa. Kamfanoni sun yi ta baƙanta shafukansu na intanet a 2020 suna alƙawura, riguna masu fuskokin matattu suka zama haja. Babbar gidauniyar da ke ɗauke da sunan fafutukar ta tara kusan dala miliyan 90 a shekarar, daga baya aka ji ta sayi gidan dala miliyan 6 a Kalifoniya. Samaria Rice, mahaifiyar Tamir, ta fito fili ta ce a daina cin abinci da jinin 'ya'yansu. Ni na fi ganin ƙimar irin abin da mahaifiyar Castile ta yi, na biya wa ɗalibai bashin kuɗin abincin makaranta da sunan ɗanta, wanda a wajenmu sai mu ce sadaka mai gudana. Ta fuskar doka kuwa an samu 'yan sauye-sauye: Louisville ta hana shiga gida ba ƙwanƙwasawa, jihohi da birane da dama sun hana shaƙe wuya, New York ta mayar da shi laifi da sunan Garner. Amma babban ƙudurin gyaran aikin 'yan sanda mai sunan Floyd ya wuce majalisar wakilai sau biyu, ya maƙale a ta dattawa. Adadin waɗanda ake harbewa bai sauka ba, a 2023 ma ya haura 1,100.

Yanzu kuma iska ta juya. A Yunin 2020 magajiyar garin Washington ta sa aka rubuta taken fafutukar da manyan haruffa ruwan ɗorawa a kan titin da ke fuskantar fadar White House. A Maris 2025, bayan barazanar 'yan majalisa ta janye wa birnin kuɗi, ma'aikata suka zo da injin fasa kwalta suka kankare shi. A Mayun shekarar, ana saura kwanaki a cika shekara biyar da mutuwar Floyd, Ma'aikatar Shari'a ta janye daga yarjejeniyar sa ido kan 'yan sandan Minneapolis da Louisville. Rumfar da aka harbe Tamir a ƙarƙashinta, da aka tashi rushe ta, sai aka kwance ta aka kai Chicago aka sake kafawa.

A bakin kogin Tallahatchie, inda ake jin nan aka tsamo gawar Emmett Till, an kafa allo mai ɗauke da sunansa a 2008. Aka sace shi. Aka kafa na biyu, aka yi masa ruwan harsashi har ya koma kamar rariya. Na uku bai yi wata biyu ba shi ma aka harbe shi, har wasu ɗaliban jami'a fararen fata suka tsaya a gabansa da bindigogi suka ɗauki hoto. Na huɗu, wanda aka kafa a Oktoban 2019, na ƙarfe ne mai nauyin fiye da kilo 200, an lulluɓe shi da gilashin da harsashi ba ya hudawa, an kuma sa kyamara tana gadinsa.